Daga Shanga Zuwa Guangzhou: Kujerar Bizines Ta Wane Kamfanin Jirgi Ce Ta Ci Kuɗinta?

Tecno, Infinix da itel, wayoyin da suka cika hannun matasa a Shanga, Yawuri da Ngaski, duk na kamfani ɗaya ne, wato Transsion, mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Haka caja, iyafis, fawa banki da fitilun sola da ake bajewa ranar kasuwa, mafi yawansu daga kudancin Sin suke fitowa. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan saro su a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. Wanda jarinsa ya yi kauri kuwa, sai ya fara tunanin zuwa tushen kayan da kansa: kasuwar Huaqiangbei a Shenzhen, ko baje kolin Canton Fair da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957, wanda zangonsa na farko, na kayan lantarki, yake buɗewa a tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba.

Daga Abuja ko Kano babu jirgin da ke miƙewa kai tsaye zuwa Guangzhou. Dole a ya da zango a wata ƙasa, a kuma shafe awa 15 ko fiye a sararin sama, ban da zaman jira. A nan ne matafiyi ke fara kallon ajin da ake rubuta wa Business Class a tikiti, wanda 'yan tafiya ke kira bizines. Kuɗinsa yakan ninka na ikonomi sau uku ko fiye, kuɗin da zai iya zama kwalaye da dama na kaya. Bidiyon da ake gani a TikTok da YouTube na nuna ɗaki mai ƙofa da gado da abinci kala-kala, amma ba kowane mai tikitin bizines ke samun hakan ba, ko da a kamfani ɗaya ne. Abin da ake saya shi ne wata kujera a cikin wani jirgi a wata rana. Sunan kamfani kaɗai ba ya gaya wa mutum komai, kuma duk bayanin da ake buƙata yana cikin wayar da ke aljihu.

Tafiyar ba daga Abuja take farawa ba

Mutumin Legas yana fita daga gida ya isa filin jirgi cikin 'yan awoyi. Mutumin Shanga sai ya fara biyan bashin hanya. Ko dai ya gangara Yelwa ya bi ta Kontagora da Tegina da Minna zuwa Abuja, tafiyar wuni guda da ba a son dare ya riski mutum a cikinta, ko ya haura ta Koko da Jega zuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, ko na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, ya hau jirgin cikin gida zuwa Abuja.

Wannan yana shafar zaɓin kamfani ta hanya biyu. Na farko, tikitin cikin gida daban yake da na ƙasar waje. Idan jirgin Birnin Kebbi ya makara har na Addis Ababa ko Doha ya tashi, kamfanin waje ba ruwansa, sai abin da sharaɗin tikiti ya ce. Shi ya sa tikitin da ake iya sauya wa rana ba tare da tara mai nauyi ba ya fi wa ɗan wannan yanki daraja fiye da yadda yake wa mazaunin Abuja, kuma kwana ɗaya a Abuja kafin tashi ba asara ba ce. Na biyu, a dawowa, manyan jakunkunan da bizines ya ɗauko kyauta daga Sin za su haɗu da ma'aunin jirgin cikin gida, wanda nauyin da yake bari bai kai haka ba, sai a biya kuɗin ƙari.

Ga kuma gajiya. Wanda ya yi wuni a mota, ya kwana a masauki, sannan ya zauna a miƙe dare guda cikin jirgi, zai sauka a garin da agogonsa ke gaban na Najeriya da awa 7. Idan washegari zai shiga ciniki da masu masana'anta, barcin da ya samu a hanya yana cikin jarinsa.

Lambobi uku da ke bayyana kujera

Kafin a kwatanta kamfanoni, akwai lambobin da ya kamata a fahimta. Idan aka rubuta 1-2-1, ana nufin kujera ɗaya a gefen taga, biyu a tsakiya, ɗaya a ɗaya gefen. Kowa na iya tashi ya fita ba tare da ya tsallake wani ba. A tsarin 2-2-2, na jikin taga sai ya tsallaka ƙafar maƙwabcinsa idan ya kwanta. A 2-3-2 kuwa akwai kujerar tsakiya, wadda mutum zai biya kuɗin bizines ya zauna tsakanin baƙi biyu.

Sai batun kwanciya. Akwai kujerar da ke miƙewa sambal ta zama gado. Akwai mai miƙewa amma a karkace, mutum na barci yana zamewa ƙasa. Akwai kuma wadda jingina kawai take yi kamar kushin ɗin falo, irin ta ƙananan jirage masu layi ɗaya kamar Boeing 737. Duka ukun ana sayar da su da suna ɗaya.

Nau'in jirgin ma yana da tasiri ga jiki. Boeing 787 da Airbus A350 suna riƙe iskar cikinsu kamar ta tudu mai tsayin ƙafa 6,000, tsofaffin jirage kuwa kamar ƙafa 8,000, sannan iskar sababbin ta fi danshi. Sakamakon shi ne raguwar ciwon kai da bushewar maƙogwaro bayan doguwar tafiya.

Ethiopian Airlines: ƙaramin zango, sannan dogon dare

Kamfanin Habasha yana sauka a Abuja da Kano da Legas da Inugu, kuma 'yan kasuwar Afirka ta Yamma sun daɗe suna bin sa zuwa Guangzhou. Ajinsa na bizines sunansa Cloud Nine. Daga Abuja zuwa Addis Ababa kusan awa 5 ne, daga can zuwa Guangzhou awa 10 zuwa 11. Wannan rabon yana da amfani: zango na biyu ya isa a ci abinci, a yi barci na sosai, a farka a yi karin kumallo.

Rauninsa shi ne kujerun ba iri ɗaya ba ne. Yawancin A350-900 da 787 ɗinsa tsarin 2-2-2 ne, kuma a cikin tsofaffin 787-8 an sha cin karo da kujera mai kwanciya a karkace. A Nuwamban 2024 kamfanin ya karɓi A350-1000, na farko a Afirka, mai tsarin 1-2-1. Wanda ya dace da shi ya samu kujerar zamani, wanda bai dace ba ya samu ta shekarun baya, kuɗin kuwa ɗaya. Filin jirgin Bole yakan cika maƙil da dare lokacin da jiragen Asiya da Turai ke tashi kusan a tare, falon hutawar ma haka. Idan jiran ya kai tsakanin awa 8 da 24, kamfanin yakan ba da otal bisa sharuɗɗansa. Musulmi ya nemi abincin da ake yi wa lamba MOML a manhajar kamfanin tun kwana biyu kafin tashi. Intanet akwai a wasu jiragen, ba duka ba. A farashi, sau da yawa Cloud Nine yana cikin masu sauƙi a wannan hanya.

Qatar Airways: suna ya yi nisa, amma a duba jirgin

Kamfanin Katar ya fara zuwa Abuja a Nuwamban 2020, ya ƙara Kano da Fatakwal a Maris 2022. Abuja zuwa Doha kusan awa 7 ne, Doha zuwa Guangzhou kusan awa 8. Tafiyar ta rabu kusan biyu daidai, wato barci biyu gajeru maimakon ɗaya dogo.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne Qsuite, da ya fito a 2017: kujera mai ƙofa, tsarin 1-2-1, wadda biyun tsakiya ke haɗewa su zama gado ɗaya ga ma'aurata, huɗu kuma su zama ɗakin tattaunawa ga abokan tafiya. Sai dai Qsuite yana cikin A350-1000 ne da wani ɓangare na 777 da A350-900. Boeing 787-8 ba shi da shi: kujerarsa tana zama gado kuma kowa na da hanyar fita, amma babu ƙofa. Akwai ma tsofaffin 777 masu tsarin 2-2-2. Wanda ya sayi tikiti don bidiyon Qsuite yana iya isa Sin bai gan shi ko sau ɗaya ba. Shafin kamfanin yana sa alamar Qsuite a jikin tafiyar da ke da shi, sai a duba kowane zango daban.

Abinci ana kawo shi lokacin da fasinja ya so, ba lokacin da ma'aikata suka tsara ba, abin da ke taimaka wa mai son fara barci ko mai azumi. Falon Al Mourjan a filin jirgin Hamad yana da wurin wanka da gidan abinci. A ɓangaren intanet, shi ne ya riga saura a cikin waɗannan biyar: tun Oktoban 2024 ya fara sa Starlink a jiragensa na 777, kyauta ga kowa har 'yan ikonomi, daga baya ya wuce zuwa A350. Abin lura game da ya da zango a yankin Gulf shi ne rikici na iya rufe hanya, kamar yadda Katar ta rufe sararin samaniyarta na wasu awoyi ranar 23 ga Yunin 2025.

Turkish Airlines: tukunya mai daɗi, hanya mai nisa

Ta Istanbul, tafiyar ta ɗan yi zagaye: awa 6 zuwa 7 daga Abuja, sannan kusan awa 10 zuwa Guangzhou. Ƙarfin wannan kamfani abinci ne. A dogayen tafiye-tafiye akwai kuku sanye da fararen kaya a cikin jirgi, kuma duk abincinsa halal ne. Falonsa a sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma gaba ɗaya a Afrilun 2019, yana cikin mafi girma a duniya, da wurin wanka da wurin dafa abinci a gaban ido. Mai jiran awa 6 zuwa 24 yana iya shiga rangadin birni kyauta da ake kira Touristanbul, amma sai da izinin shiga Turkiyya, wanda mai fasfon Najeriya sai ya nema tun daga gida.

Kujeru a nan ma gauraye suke. 787-9 da A350 tsarin 1-2-1 ne, ko da yake dogayen mutane na ƙorafin matsin wurin sa ƙafa. 777-300ER kuwa 2-3-2 ne, da kujerar tsakiyar nan. A zangon Abuja ana iya samun A330 ko ƙaramin jirgi mai layi ɗaya, wanda kujerarsa ba ta zama gado. 'Yan bizines na samun intanet kyauta a jiragen da ke da shi.

EgyptAir: babu giya, kuma yana zuwa Kano

Kamfanin Masar yana tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa Alƙahira cikin kusan awa 5, sai kusan awa 10 zuwa Guangzhou. A cikin kamfanonin nan biyar, shi kaɗai ne ba ya raba giya a jirgi, abin da wasu matafiya ke ɗauka da muhimmanci. 787-9 ɗinsa, da ya fara karɓa a 2019, yana da tsarin 1-2-1 da kujera mai zama gado. Tsohon 777-300ER kuwa 2-3-2 ne mai kwanciya a karkace. Zangon Najeriya sau da yawa ƙaramin jirgi ne mai kujerar jingina. Falon Alƙahira bai kama ƙafar na Doha ko Istanbul ba. Idan farashinsa ya faɗo sosai kuma dogon zangon 787-9 ne, ciniki ne mai kyau. Idan 777 ne, sai a sake lissafi.

Emirates: sai an gangara Legas

Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a Oktoban 2022, a lokacin da kuɗin tikitin kamfanonin waje suka maƙale saboda ƙarancin dala. Ƙungiyar IATA ta ce kuɗin sun kai dala miliyan 850 a Yunin 2023, kafin a biya kashi 98 cikin ɗari zuwa Afrilun 2024. Kamfanin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoban 2024. Ga ɗan Shanga, wannan na nufin ƙarin tikitin cikin gida da ƙarin kwana. Legas zuwa Dubai kusan awa 8 ne, Dubai zuwa Guangzhou ma kusan haka.

Hotunan da aka fi yaɗawa na Emirates na A380 ne mai bene. Tsohon 777-300ER ɗinsa kuwa 2-3-2 ne, kuma tun 2024 yake sabunta su ɗaya bayan ɗaya zuwa 1-2-1, don haka taswirar kujeru ce za ta nuna wanne aka sa. Allon kallonsa da tarin finafinai suna cikin mafi yawa a duniya, kuma a Nuwamban 2025 ya sanar da fara sa Starlink.

Caji, intanet da fawa banki

Duk da cewa ruwan da ke wucewa ta gaban Shanga da Yawuri shi ke juya injinan madatsar Kainji tun 1968, mai waya a yankin ya san darajar babban fawa banki. Wannan abokin zaman na iya zama matsala a filin jirgi.

Dokar batirin litiyam ba da mAh take aiki ba, da Wh take aiki. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya zama 74Wh, ya wuce. Mai 27,000mAh ya tsaya daf da 100Wh, wanda shi ne iyaka. Mai 30,000mAh ya zama 111Wh, sai da izinin kamfani, kuma izinin ba ya wuce 160Wh. Mai 50,000mAh kuwa 185Wh ne, ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan. Ba a sa fawa banki a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, sai a jakar hannu. Wanda rubutun jikinsa ya goge, jami'an tsaro na iya karɓe shi.

Dokokin sun ƙara tsauri bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu ranar 28 ga Janairun 2025. Daga 1 ga Oktoban 2025, Emirates ya hana amfani da fawa banki a cikin jirgi: ana iya ɗaukar ɗaya mai ƙasa da 100Wh, amma ba a caji da shi, ba a kuma yi masa caji. Hukumar sufurin jiragen sama ta Sin ita ma, daga 28 ga Yunin 2025, ta hana hawa jiragen cikin gida da fawa bankin da ba shi da tambarin CCC. Wanda zai wuce wani gari daga Guangzhou ta jirgin sama ya duba nasa. Zuwa Shenzhen dai jirgin ƙasa mai sauri ya wadatar, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba.

A nan kujerar bizines tana da amfani na zahiri. A manyan jiragen duk kamfanonin biyar, kowace kujera na da soket ɗinta da ke karɓar filogi mai baki uku irin na Najeriya, da kuma ramin USB. Cajin USB-A na tsofaffin kujeru yana da sanyi, don haka a riƙe kan caja a jakar hannu. Game da intanet, tunda Starlink na Qatar kyauta ne ga kowa, ba shi ne dalilin biyan kuɗin bizines ba. Kuma Starlink ba shi da lasisin aiki a Sin, don haka a tura muhimman saƙonni kafin a kusanci sauka.

Bayan sauka, WhatsApp, Facebook, YouTube da Google ba sa buɗewa a layukan Sin. A sauke WeChat da Alipay tun daga gida, a ajiye adireshin otal da rubutun Sinanci a matsayin hoto. Layin eSIM na matafiya yakan buɗe manhajojin da aka saba, amma wayoyin Tecno, Infinix da itel da yawa ba sa ɗaukar eSIM, sai a duba tun kafin a saya.

Binciken minti ashirin a waya

Mataki na farko, Google Flights. A sa ABV zuwa CAN, a zaɓi bizines, a buɗe kowace tafiya. A ƙarƙashin kowane zango ana rubuta nau'in jirgi, ko kujerar na kwanciya sambal, ko akwai soket da intanet. A gwada KAN da LOS ma don ganin bambancin kuɗi, a kuma gwada ranakun da ke gefen buɗe Canton Fair, domin lokacin ne kujeru ke tsada.

Na biyu, Flightradar24. A rubuta lambar tafiyar, a ga jiragen da suka yi ta a kwanakin baya da yawan makararsu. Idan tikiti ya ce A350 amma rabin makon wani jirgi ne ya tashi, an san abin da ake ciki.

Na uku, taswirar kujeru a shafin kamfanin ko a aeroLOPA. Ido zai ga ko layin kujeru huɗu ne, shida ko bakwai. A sake dubawa kwana biyu kafin tashi, domin kamfanoni na sauya jirgi, kuma sauyin jirgi ba ya wajabta musu biyan diyya muddin ajin bai sauya ba. Amma idan aka sauko da mai tikitin bizines zuwa ikonomi, dokokin kare fasinja na hukumar NCAA sun tanadi a mayar masa da bambancin kuɗin.

Tarkunan da ke cikin tikiti

Ba kowane tikitin bizines ke zuwa da komai ba. Business Lite na Qatar Airways ba ya haɗawa da shiga falo. Business Special na Emirates ba shi da falo, ba shi da motar da ke ɗaukar fasinja. Mai jiran awa 9 a Doha da ya sayi mafi araha zai gane bambancin a ƙofar falon.

Akwai kuma tikiti mai gauraye, zango ɗaya bizines, ɗaya ikonomi. Ba laifi ba ne idan an san da shi, musamman idan dogon zangon ne bizines. Laifin shi ne a sayar da shi a farashin cikakke. Haka tayin ƙarin matsayi da ke zuwa ta imel ko manhaja kafin tashi: yakan fi araha nesa, amma sau da yawa kujerar kawai yake bayarwa, nauyin kaya na nan yadda yake a tikitin ikonomi.

Game da kaya, yawancin tikitocin bizines daga Najeriya na ba da jaka biyu, kowace kilo 32, amma abin da aka rubuta a tikitin shi ne hujja. Kada a ɗauka wannan zai maye gurbin kago. Batura zalla ba sa shiga jakar ƙasan jirgi, kuma wayoyi masu yawa kayan kasuwanci ne a idon kwastan. Jakar fasinja ta samfur ce, sauran kaya na dillalan kago ne.

Tarko mafi muni shi ne ejan na bogi a WhatsApp da Facebook, masu tallan bizines a rabin kuɗi. Abin da suke turowa sau da yawa ajiyar kujera ce da ba a biya ba, mai rushewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Tikitin gaske yana da lamba 13, kuma ukun farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 157 Qatar, 235 Turkish, 077 EgyptAir, 176 Emirates. A shigar da lambar ajiya mai haruffa shida da sunan mahaifi a manhajar kamfanin, a tabbatar lambar tikitin ta bayyana a can. Ejan na ƙwarai yana da ofis da rajistar IATA ko ta ƙungiyar NANTA, kuma ba ya jin haushin a bincike shi. Tun Yulin 2025 wasu bankuna sun dawo da biyan kuɗin waje da katin naira, amma da iyaka, don haka a tambayi banki kafin a dogara da kati.

Wa ya dace da wanne?

Mai son barci ɗaya dogo da farashi mai dama-dama, kuma bai damu da maƙwabci a gefe ba, Ethiopian ya fi kusa da buƙatarsa. Mai son keɓewa, intanet mai ƙarfi da falo mai kyau, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya nufi Qatar, bayan ya tabbatar da jirgin kowane zango. Turkish na mai yalwar lokaci ne da ke son abinci, da sharaɗin ya kauce wa kujerar tsakiya a 777. EgyptAir na mai tashi daga Kano ne, ko mai son jirgin da ba a raba giya, idan 787-9 ne zai kai shi Guangzhou. Emirates sai wanda dama yana da harka a Legas ko Dubai.

Kafin duk wannan akwai lissafin da ya fi muhimmanci. A cire kuɗin ikonomi daga na bizines. A gefe guda a rubuta abin da bambancin zai saya: ƙarin kilo, sauƙin sauya rana, falo, da kwana ɗaya ko biyu na aiki da ba za su tafi a barcin gajiya ba. A ɗaya gefen a rubuta kayan da kuɗin zai saro da ribar da za su kawo a kasuwar Yawuri. Mai kwana huɗu kacal a Sin da manyan odoji a gabansa, ko dattijo mai ciwon baya ko ƙafa, lissafin na iya faɗawa ɓangaren bizines. Matashin da wannan ce fitarsa ta farko, da jarin da 'yan uwa suka haɗa masa, kusan kullum ikonomi ne amsarsa: ya sayi kujerar bakin layi, ya isa kwana ɗaya kafin buɗe kasuwa ya huta a otal, ragowar kuɗin ya shiga kwali. Idan tayin ƙarin matsayi mai sauƙi ya faɗo a manhaja, sai ya karɓe shi a zangon dare mai tsawo, bayan ya duba taswira ya ga kujerar gado ce.